Bin Sawun Ƙwaya a Ruwan Kwatamin Milan

Motar bas mai lamba 77 tana tashi daga Corvetto, a kudu maso gabashin birnin Milan na ƙasar Italiya, ta ratsa tsakanin dogayen gidajen haya, kafin ka ankara gari ya ƙare, sai gonaki da bishiyoyi a jere a bakin ƙananan magudanai. Nan muka sauka da hantsi cikin watan Maris, hazo bai gama washewa ba, sanyi yana ratsa tufafi yana shiga jiki. Mu 'yan kaɗan ne, ma'aikatan lafiya da na tsaftar muhalli daga ƙasashe dabam-dabam, an tara mu don wani gajeren horo a kan yadda ake gane yawan miyagun ƙwayoyin da jama'ar gari suke sha ta hanyar gwada ruwan ƙazantarsu. Ni da wani likita daga Nijar ne masu jin Hausa a cikin tawagar, don haka tun ranar farko muka zama abokan tafiya. Aikina a Kano ɗibar ruwan kwata ne don neman ƙwayar cutar shan inna. Shi kuwa masu taɓin hankali yake dubawa, kuma ya ce da yawa daga cikin samarin da ake kawo masa tiramol ce ta kawo su.

Wurin da muka nufa sunansa Nosedo, babbar matatar ruwan ƙazanta ta birnin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙuruciyarta. Milan, da duk bankunansa da masana'antunsa, har aka shiga ƙarni na 21 bahaya da fitsari da ruwan wankan mutum sama da miliyan ɗaya suna kwarara ɗanyu cikin ƙoramu, su faɗa kogin Lambro, shi kuma ya kai su kogin Po. A 2002 kotun Tarayyar Turai ta kama Italiya da laifi a kan haka, a 2003 aka buɗe kashin farko na Nosedo. An gina ta don ɗaukar ƙazantar mutum 1,250,000, kuma ko ba a yi ruwan sama ba, kimanin lita 5,000 ne suke shiga cikinta a kowane sakan. Jin wannan tarihi ya ƙarfafa mini gwiwa, domin ya nuna gari yana iya gyara abin da ya daɗe a lalace idan an sa kai.

Wata injiniya ce ta tarbe mu. Ta raba mana hular kwano da safar hannu, ta wuce manyan tafkunan tacewa ba ta tsaya ba, ta kai mu bakin mashiga, inda ruwan gari yake isowa kafin a taɓa shi. Launinsa toka-toka ne mai duhu, yana gudu da ƙarfi, warinsa kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Jakara, babbar kwatar Kano, da rani ya san shi. Akwai ragar ƙarfe da take tare tsummoki da ledoji, wani inji mai haƙora yana kwashe su yana zubarwa gefe. Can jikin bango ga wani farin akwati da tsayinsa ya kai ƙirjina, siririn tiyo ya fito daga jikinsa ya nutse cikin ruwan. Injiniyar ta buɗe shi, ashe firji ne, da kwalabe a jere a ciki. Muna tsaye ya yi 'yar ƙara, ruwa ya hau tiyon, ya zuba kaɗan a kwalba, ya yi shiru. Haka yake yi dare da rana, bayan kowane ɗan lokaci, har awa 24 ta cika a haɗa abin da ya tara ya zama samfurin yini guda. Sanyin firjin shi yake hana ƙananan halittun da ke cikin ruwan su lalata abin da ake nema kafin a kai ɗakin gwaji. Mai girki ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji. Juya miyar take yi sosai, ta ɗanɗana a bakin ludayi. Akwatin nan shi ne ludayin, juyawar kuma ita ce haɗa ruwan asuba da na azahar da na tsakar dare wuri ɗaya.

Na daɗe a gaban akwatin ina tunanin aikin bi gida-gida da na sha yi da takardar tambayoyi. Ka tambayi uwa ko an ɗiga wa yaronta maganin rigakafi, za ta faɗa maka. Ka tambaye ta ko ɗanta yana shan kodin, sai ta ce Allah ya kiyaye, ko da kuwa ita ce take share kwalaben daga ɗakinsa kullum da safe. Asirin gidanta take rufawa, kuma ni ban ga laifinta ba. Shi ma mai shan ba zai buɗe cikinsa ga baƙo mai riƙe da biro ba, alhali ya san maganar tana iya kai shi hannun hukuma. Alƙaluman kame suna nuna waɗanda aka kama ne kawai, na asibiti kuma waɗanda abin ya kayar. Amma ruwan da ke cikin kwalbar nan ya biyo ta gidan attajiri da ɗakin ɗan ci-rani, ta ofis da otal da gidan rawa. Ba a tambayi kowa ba, ba a kunyata kowa ba, babu sunan kowa a ciki. Ana samun gaskiyar gari ba tare da an tona asirin mutum ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa na riƙi hanyar da muhimmanci.

Daga matatar muka taka da ƙafa zuwa Chiaravalle, tsohon gidan ibadar Kiristoci da aka kafa a 1135, mai doguwar hasumiyar jan bulo da ake hangowa daga nesa. Masu ibadar da suka zauna a nan manoma ne. Sun riƙa karkatar da ruwan Vettabbia, tsohuwar magudanar da take kwaso dattin Milan, suna malala shi a kan filayen ciyawa, ƙasa ta tace shi, ciyawa ta yi kore har cikin hunturu, shanu su samu abinci. Yau ma ruwan da Nosedo ta tace yana komawa gonakin yankin. Masu lambun bakin Jakara sun zo mini a rai, su da suke ban-ruwa da ruwan da babu wanda ya tace musu.

Washegari aka kai mu Bovisa, a arewacin birnin, tsohuwar unguwar masana'antu da yanzu ɗalibai suka cika ta. Nan Cibiyar Binciken Magunguna ta Mario Negri take, wadda aka kafa da wasiyyar wani attajiri mai sana'ar gwal da kayan ado, ta fara aiki a 1963. Wani matashi masanin sinadarai ne ya karɓe mu, ya fara bayaninsa daga jikin mutum. Idan mutum ya shaƙi hodar iblis, jikinsa ba ya fitar da ita yadda ta shiga. Hanta da jini suna farfasa ta, ƙoda ta tace, kaso mai yawa ya fita a fitsari a matsayin wani sinadari da ake kira benzoyil-ekgonin. Shi ake nema, domin shi ne shaidar cewa hodar ta ratsa jikin ɗan Adam. In aka ga ɗanyar hoda ta yi yawa a samfur, shi kuma ya yi kaɗan, to an san wani ne ya juye kayansa a masai, wataƙila da ya ji 'yan sanda a bakin ƙofa. A Holan, inda ake da wuraren haɗa amfetamin da ekstasi a ɓoye, an sha ganin alƙaluman gari sun yi tsalle a rana guda saboda an zubar da sharar haɗin a magudana, kuma masana sun samo hanyar bambance wanda aka sha da wanda aka zubar.

Sai ya yi aikin a gabanmu. Ya tace ruwan a farar takarda har ta koma ruwan ƙasa. Ya ɗiga masa wani sinadari da ya san adadinsa daidai, wanda daga baya zai nuna masa nawa ya ɓace a hanya. Sannan ya bi da ruwan ta cikin ɗan bututun roba mai tsayin yatsa, da farin gari a gindinsa. Ruwa ya wuce, abin da ake nema ya maƙale a garin. Ya wanko shi da wani ruwan sinadari, ya ƙafar, abin da ya rage bai cika cokalin shayi ba. Wannan ya zuba a 'yar mitsitsiyar kwalba ya sa a na'ura, wadda take rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya tana auna nauyin kowanne. A fuskar kwamfuta layi ya miƙe, ya yi tsini, ya sauko, ya sake yin tsini. Yana nunawa da biro: ga na hodar iblis, ga na tabar wiwi, ga metamfetamin. Ma'aunin da suke magana da shi nanogiram ne a lita, wato giram ɗaya a raba shi gida biliyan.

Abin da ya rage lissafi ne. A ninka abin da aka samu a lita ɗaya da yawan litocin da suka shiga matatar a ranar. A gyara da sanin kason da jiki yake fitarwa daga abin da aka sha. A raba da yawan mutanen da magudanar take ɗauka. Amsar tana fitowa a miligiram nawa a rana ga kowane mutum 1,000, kuma da ita ake kwatanta gari da gari, bana da bara, Talata da Lahadi.

Na ji daɗin matashin nan domin bai ɓoye raunin sana'arsa ba. Ruwa ba ya faɗin ko mutum goma ne suka sha da yawa ko mutum ɗari suka sha kaɗan-kaɗan. Ba ya faɗin namiji ne ko mace, yaro ne ko babba. In dillalai suka rage gauraya hodarsu da gari, alƙaluma za su hau ko da masu shan ba su ƙaru ba. Yawan mutanen ma ba a tsaye yake ba: da safe jiragen ƙasa suna juye ma'aikata daga garuruwan kewaye, ranar wasa a filin ƙwallon San Siro ko makon baje kolin tufafi gari ya cika da baƙi, kowa kuma da fitsarinsa. Tabar wiwi tana da wuyar aunawa saboda sinadarinta yana maƙalewa a dauɗar da ke cikin ruwan. Inda hanyar ta fi ƙarfi shi ne nuna hawa da sauka, kuma cikin sauri. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 2008, gwajin ruwan Milan na 2009 ya nuna hodar iblis ta ragu da kusan rabi, hiroyin ta fi haka raguwa, metamfetamin kuwa ta ɗaga. Ƙididdigar gida-gida sai ta ɗauki shekaru kafin ta hango irin wannan. Kwalaben da aka ajiye a firiza ma suna da ranarsu. A 2020 cibiyar lafiya ta ƙasa da ke Rum ta koma kan tsofaffin samfura, ta tarar da burbushin ƙwayar korona a ruwan Milan da Torino na ranar 18 ga Disamba 2019, wata biyu kafin a tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a cikin gida.

Daga Bovisa akwai jirgin ƙasa da yake bi ta ƙarƙashin birni ya ɓulla kudu har Pavia. Shi muka hau ranar da ba mu da darasi, amma da muka iso tashar Rogoredo sai Likita ya taɓa ni.

“Malam, mu sauka nan tukuna. Akwai abin da nake so mu gani da idonmu.”

Kusa da tashar akwai wani ɗan daji wanda a 'yan shekarun baya ya yi ƙaurin suna a matsayin babbar kasuwar hiroyin ta arewacin Italiya. Ɗaruruwan mutane ne a kullum suke sauka daga jirgi su shige cikinsa, ana sayar musu da ƙulli a kan 'yan yuro kaɗan. A 2017 hukumar birni ta damƙa wurin ga ƙungiyar Italia Nostra mai kare muhalli da kayan tarihi, suka kwashe tarin shara, suka sare sarƙaƙiya, suka fitar da hanyoyin keke da na ƙafa. Mun tarar da mutane suna yawo da karnukansu. Amma cinikin bai mutu ba, matsawa ya yi zuwa gefen layin dogo. A bakin tashar wani saurayi ya tare mu, ba zai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, rigar sanyinsa mai tsada ce amma ta yi dauɗa, leɓɓansa sun bushe, hannun da ya miƙo yana rawa, bayan hannun duk tabon allura. Cikin ladabi ya roƙi kuɗin tikiti. Likita ya sayo masa burodi da shayi mai zafi, ya tsaya har ya ga ya fara sha, yana kallon ƙwayar idonsa irin kallon da likitoci suke yi.

Tsakanin dajin nan da matatar Nosedo tafiyar ƙafa ce, amma abin da yake kashe yaron nan yana cikin abubuwan da akwatin ya fi kasa gani. Sinadarin da yake nuna hiroyin ita kaɗai ba ya daɗewa a ruwan kwata, yana rikiɗewa ya koma morfin, morfin kuwa asibitoci suna ba masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa tiyata, sai an cire nasu kason kafin a yi hasashen sauran. Ban da haka, wanda yake kwana a daji a daji yake fitsari, nasa ba ya isa magudana ko kaɗan. Likita ya ce in riƙe wannan da kyau: mutanen da suka fi kowa shiga uku su ne suka fi saurin ɓacewa daga lissafi. Don haka gwajin ruwa ba ya ɗauke wa kowa nauyin fita ya nemi irin yaron nan, ya san sunansa, ya kai shi wurin magani. A Italiya akwai cibiyoyin gwamnati na kula da masu shaye-shaye a ƙarƙashin hukumomin lafiya na yankuna, kuma tun shekarun 1990 ana sayar da naloksan, maganin da yake farfaɗo da wanda hiroyin ta ɗauke wa numfashi, a kantin magani ba sai da takardar likita ba.

Muka ci gaba zuwa Pavia ta tsakiyar gonakin shinkafa, waɗanda a lokacin ba a kai ga sakar musu ruwa ba. Daga garin muka ɗauki mota zuwa wata doguwar gadar ƙarfe da ta haura shekara ɗari, a daidai inda kogin Ticino yake haɗuwa da Po. Po shi ne kogi mafi tsawo a Italiya, kilomita 652 daga duwatsun yamma zuwa teku. Ruwansa a ranar ruwan ƙasa ne, yana tafiya a natse, da tsibiran yashi a tsakiya da 'yan kwale-kwale a ɗaure a gaɓa. Babu abin da zai nuna maka cewa a wannan yanki aka fara duk abin da ya kawo mu.

Wani masani a hukumar kare muhalli ta Amurka, Christian Daughton, shi ya fara kawo shawarar a 2001, cewa ana iya auna shaye-shayen gari daga magudanarsa. Ettore Zuccato da abokan aikinsa na Mario Negri suka gwada. Suka ɗebi ruwan Po a Mezzano, kusa da Pavia, da na matatun garuruwa huɗu, Cagliari da Latina da Cuneo da Varese, suka fitar da sakamako a 2005. Kogin, wanda a wannan gaɓa yake ɗauke da ruwan mutum kimanin miliyan 5, yana wucewa da abin da ya yi daidai da kilo 4 na hodar iblis a kowace rana, wato shaƙa kusan 40,000. Alƙaluman hukuma na lokacin kuwa suna nuna kimanin matasa 15,000 ne a yankin suke amsa cewa suna sha, ko da sau ɗaya a wata. Tazarar da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da kogi ya nuna ita ta ja hankalin duniya.

A 2010 masana na ƙasashen Turai suka kafa ƙungiyar SCORE don kowa ya riƙa yin gwajin iri ɗaya, a lokaci ɗaya: mako guda cikin bazararsu, samfurin awa 24 kowace rana. Sun fara da birane 19 a 2011. A zagayen 2024 biranen sun kai 128 a ƙasashe 26. Hukumar kula da sha'anin ƙwayoyi ta Tarayyar Turai da ke Lisbon, wadda tun Yulin 2024 ake kira EUDA, ita take wallafa sakamakon a taswirar da kowa zai iya buɗewa a intanet. Hodar iblis ta fi yawa a yamma da kudu, musamman Beljiyam da Holan da Sifen, metamfetamin kuma ta daɗe da kafa sansani a Jamhuriyar Cek da Sulobakiya. Hodar iblis da ekstasi suna hawa daga Juma'a zuwa Litinin, alamar shagalin ƙarshen mako. Birnin Antwerp ya sha zuwa kan gaba a hodar iblis, kuma a tashar jiragen ruwansa jami'an kwastan suka kama tan 116 a 2023 kaɗai.

A jirgin dawowa hirarmu ta koma gida. Likita ya ce kada in ɗauka hodar nan ta Turawa ce su kaɗai, domin wani kasonta ta ƙasarsu yake bi. A Janairun 2022 an kama kilo 214 a mota guda a arewacin Nijar, kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce abin da ake kamawa a yankin Sahel ya tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Inda kaya yake wucewa kuwa, wani abu yakan zube. Amma damuwarsa ta yau da gobe tiramol ce, mai miligiram 200 da 225 da ake sayarwa a tebur, alhali ta asibiti 50 ce ko 100.

Sannan ya ba ni labarin tafashiya. A 2013 wasu masana a Faransa suka ba da sanarwar cewa sun samu tiramol a saiwar tafashiyar da aka haƙo a arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa itacen da kakanninmu suke jiƙawa don ciwo shi da kansa yake haɗa maganin. A 2014 wasu masana daga Dortmund a Jamus suka bi sawu, suka tarar da tiramol a ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwan dabam a yankin. Manoma ne suke sha don su jure aikin rana, suna kuma ba shanun huɗa, fitsarin mutum da na dabba ya jiƙa ƙasa har itace ya zuƙa.

“Ka gani, Malam,” in ji shi, “ƙasarmu ta riga ta fara ba da shaida. Masu ɗiba ne babu.”

Na ce masa masu ɗiba kam akwai, domin ni ɗaya ne daga cikinsu. Tun 2011 aka fara ɗibar ruwan kwata a Kano don neman ƙwayar shan inna, a wurare irin su Jakara da Fagge da Kurna, daga baya aka faɗaɗa zuwa Sakkwato da sauran jihohi. Da sassafe muke fita, lokacin da gari ya tashi kowa ya zaga, mu jefa guga a tsakiyar ruwa, mu cika jarka, mu rufe ta cikin akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji a Ibadan. Sau da yawa ruwa ya nuna ƙwayar tana yawo a unguwa alhali babu yaro ko ɗaya da ya shanye, aka shiga da rigakafi kafin ta taɓa kowa. Wannan aiki yana cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da shan inna na daji a ranar 25 ga Agusta 2020. Ma'aikata, wuraren ɗiba, akwatunan sanyi, hanyar kai samfur, duk muna da su.

Buƙatar ma a fili take. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabata a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano, kashi 16 cikin 100 na masu waɗannan shekaru ne suka sha. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Bincike irin wannan yana cin kuɗi da lokaci, ba a iya yin sa kowace shekara, ga shi abin da samari suke sha yana sauyawa tsakanin damina da damina. Da ana ɗibar ruwa kafin hanin da bayansa, da an ga ko kodin ta ragu, da kuma abin da ya maye gurbinta.

Sai dai Kano ba Milan ba ce. Mu ba mu da babbar magudana ɗaya da take tattara ruwan gari. Yawancin gidaje shadda gare su ko ramin da mota take zuwa ta kwashe, abin da yake fita kwata akasari ruwan wanka ne da wanke-wanke da fitsarin makewayi. Kwatocinmu a buɗe suke, rana tana dukansu, da damina ruwan sama ya cika su, ga ruwan marina da na mayanka suna shiga. Babu mai iya cewa mutum kaza ne suke zuba a wannan lambatu, guga ɗaya da safe kuma ba samfurin awa 24 ba ne. Tiramol da kodin magunguna ne na halal a asibiti, ruwa ba zai raba na majinyaci da na ɗan shaye-shaye ba. Duk da haka tiramol tana da sauƙin kamawa, domin kusan kashi 30 cikin 100 nata yana fita a fitsari yadda ya shiga. Ko ba a samu miligiram ga mutum 1,000 ba, za a iya sanin abin da yake cikin ruwan, da ko yana hawa ko yana sauka, in dai wuri ɗaya ake ɗiba, a sa'a ɗaya, ta hanya ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannun da sakamakon zai faɗa. Rufin asirin da na yaba a Nosedo ya samu ne saboda mutum sama da miliyan sun gauraya a kwalba ɗaya. In aka matsar da tiyon zuwa bayan makarantar kwana, ko gidan gyaran hali, ko layi guda a unguwa, to an fara nuna mutane da yatsa. Masanan Turai da na Ostareliya sun rubuta ƙa'idojin aiki suna gargaɗi a kan daidai wannan. A wasu biranen Sin 'yan sanda suna amfani da gwajin wajen farautar masu haɗa ƙwaya. A Ostareliya, inda hukumar tattara bayanan manyan laifuka take gudanar da shirin tun 2016, yana kuma ɗaukar fiye da rabin jama'ar ƙasar, rahotannin da ake fitarwa lamba suke sa wa matatun, ba sa faɗin sunansu. Na san garinmu. Ranar da rediyo ya ce unguwa kaza ta fi kowace shan ƙwaya, ranar za a fara fasa auren 'yan matanta, a ƙi ɗaukar samarinta aiki, motar kame ta tare a bakin layinsu. Mutanen da suka bar mu muna jefa guga a kwatarsu shekara da shekaru saboda sun yarda lafiyar 'ya'yansu muke nema, su ne za su fara korarmu, aikin shan inna ma ya tafi tare.

Don haka a rahoton da na rubuta bayan na dawo, shawarata ita ce a fara da matatar Wupa a Abuja, inda akwai mashiga ta gaske da za a iya kafa akwatin ɗiba, a koyi aikin a can. A Kano kuma a riƙa cika jarka ta biyu a manyan wuraren ɗiba, a nemi tiramol da kodin da wiwi tukuna, a haɗa sakamakon a fitar da shi da sunan birni gaba ɗaya, ya zauna a hannun ma'aikatar lafiya, a yi amfani da shi wajen sanin yawan gadaje da magunguna da ma'aikatan da cibiyoyin farfaɗo da masu shaye-shaye suke buƙata. Likita ya ce zai kai irin wannan shawara Yamai, a fara da Gunti Yena, kwarin da yake kwashe ruwan ƙazantar tsakiyar birnin ya zuba a kogin Neja, kuma mun yi alkawarin bin hanyar ɗiba iri ɗaya domin a iya ɗora alƙaluman biranen biyu kusa da juna.